*CIWON DAMUWA: BA RAUNIN IMANI BA NE, KUMA YANA DA MAGANI*



'Yan uwa masu gida da iyaye mata, yau za mu yi magana kan wani ciwo da ke cikin gidajenmu da yawa amma ba a kiran sunansa. Kusan kowa ya san gidan da uwargida ta daina fira, ta daina kwalliya, abinci sai an matsa mata, da dare ba ta barci, da rana ba ta iya tashi. In an tambaye ta mi ya faru, sai ta ce “ba komi”, hawaye na zuba. Ko magidanci da ya kwashe shekaru yana fita kasuwa tun da safe, yanzu ya koma kwanciya ɗaki, ya bar majalisa, ya bar amsa waya. Sai a ce miskilanci ne, ko sammu, ko iska, ko kuma a ce ba ya da tawakkali. Sau da yawa abin da ke damunsu shi ne ciwon damuwa.

*YAYA AKE GANE SHI?*

Baƙin ciki na yau da kullum kowa na yin sa. An yi rasuwa, an yi asara, mutum ya yi kwanaki cikin ɓacin rai sannan ya dawo daidai. Ciwon damuwa ya wuce haka. Likitoci na duba ko mutum ya kai mako 2 ko fiye, kusan kullum, yana fama da ƙuncin rai ko kuma ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, tare da wasu daga cikin waɗannan:

▪️ Rashin barci, musamman farkawa tun tsakar dare a kasa komawa, ko yawan barci fiye da ƙima
▪️ Rashin cin abinci da ramewa, ko yawan ci
▪️ Kasala da mutuwar jiki ba tare da an yi aiki ba
▪️ Mantuwa da kasa tattara hankali, har a sallah
▪️ Ganin kai ba shi da amfani, ko ɗora wa kai laifin komi
▪️ Tunanin gara mutuwa da wannan rayuwa

A wajenmu mutane ba su cika cewa “raina a ɓace yake” ba. Abin da za ka ji shi ne kaina na zafi, ƙirjina ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikina. Sai a yi ta shan maganin maleriya da na taifot wata da watanni, gwaji kuma bai nuna komi ba.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 280 ke fama da shi a duniya, kuma ya fi yawa ga mata. Fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego na kamuwa da shi. Don haka in mai jego ta wuce mako biyu tana kuka, ba ta son ɗaukar jaririnta, ba ta barci ko da yaron ya yi barci, kada a ce sangarta ce.

*MI KE KAWO SHI?*

Ba abu guda ba ne. Akwai gado, akwai sauyin jiki bayan haihuwa, akwai doguwar jinya kamar ciwon suga da hawan jini, akwai rasuwa, bashi, mutuwar aure, rashin haihuwa da zaman gidan da babu kwanciyar hankali. 'Yan uwanmu da suka baro garuruwansu a yankin Isa da Sabon Birni saboda 'yan bindiga, da yawansu sun ga abin da zuciya ba ta saurin saukewa. Wani kuma ciwon na zo masa babu wani dalili da ake gani. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna iya kawo irin waɗannan alamomi, shi ya sa likita kan nemi gwajin jini.

*MI ADDINI YA CE?*

Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub (AS) a Suratu Yusuf, yadda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi na kiranta shekarar baƙin ciki. Wa zai ce waɗannan bayin Allah imaninsu ne ya yi rauni? Kuma a hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya umurci bayin Allah su nemi magani.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan ciwo. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda ke da sanannen dalili, da wanda ke faɗo wa mutum babu dalili, ya ce shi wannan na biyun tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani. Nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan ilimin magani. Ke nan zuwa wurin likita ba baƙon abu ba ne a garin Shehu.

*HANYA TA FARKO: MAGANIN ASIBITI*

A Sakkwato akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sannan ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Mun san da an ambaci Kware sai gaban mutane ya faɗi, a ce ai mu ba mu da mahaukaci. Gaskiyar magana, da yawan masu zuwa can ganin likita kawai suke yi, su karɓi magani, su koma gida ranar. In kuwa abin ya yi maka nauyi, fara da likitan asibitin da ka saba zuwa, shi zai tura ka inda ya dace.

Magungunan da aka fi bayarwa sun haɗa da amitriptyline, fluoxetine da sertraline. Ga abin da ya kamata kowane gida ya sani game da su:

1. Ba su aiki nan take kamar farasitamol. Sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin sauƙi, wani ma har mako 6. Da yawa nan suke yankewa su ce bai karɓe su ba.
2. A kwanakin farko ana iya jin bushewar baki, jiri, tashin zuciya ko yawan barci. Yawanci yana raguwa. In ya yi tsanani a koma wa likita, akwai wani maganin.
3. In an samu sauƙi ba a dainawa. Ana ci gaba aƙalla wata 6 bayan warkewa don kada ciwon ya dawo, kuma likita ne ke rage shi a hankali.
4. Ba ƙwayar maye ba ce. Amma tramadol, kodin da diazepam da wasu ke saye a kemis don su samu barci ko su manta damuwa, su ne ke kama mutum, kuma ƙara ciwon suke yi.
5. A faɗa wa likita in akwai ciki, shayarwa, ciwon zuciya ko farfaɗiya, da duk wani maganin gargajiya da ake sha. Haka nan in mutum ya taɓa yin wani lokaci na yawan surutu, rashin barci ba gajiya da ɓarnar kuɗi, domin wannan wani ciwo ne daban, maganinsa ma daban.
6. Amitriptyline na da haɗari ƙwarai in an sha da yawa. Wani babba a gida ya riƙe shi, ya riƙa ba da na kullum, a ɓoye wa yara.
7. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 a sa musu ido sosai a makonnin farko na shan magani.
8. Yawancinsu sau ɗaya ake sha a rana, don haka da azumi likita na iya mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa baki.

*HANYA TA BIYU: ZAMA DA ƘWARARRE*

Akwai masana halayyar ɗan Adam da aikinsu shi ne zama da mara lafiya, galibi sau ɗaya a mako. Ba nasiha suke yi ba kawai. Suna koya wa mutum ya gane irin tunanin da ke danne shi, kamar “ni ban da amfani” ko “kowa ya tsane ni”, ya auna shi da gaskiya, sannan ya koma ayyukansa kaɗan-kaɗan. In ciwon bai yi nisa ba wannan kaɗai na iya isa. In ya yi nisa, haɗa shi da magani ya fi. Abin da aka faɗa a ɗakin sirri ne, kuma mace na iya neman a haɗa ta da ma'aikaciya mace in akwai.

*HANYA TA UKU: KULA DA KAI A GIDA*

🔹 Lokacin kwanciya da na tashi su zama ɗaya kullum. A ajiye waya bayan isha'i, a rage goro da shayi mai ƙarfi da yamma.
🔹 Tafiyar ƙafa ta minti 30, bayan asuba kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Mata ko a tsakar gida ne.
🔹 A ci abinci ko babu sha'awa, kaɗan-kaɗan. Fura da nono, kunu, wake, zogale, duk abin da ya samu.
🔹 Talbina: a Bukhari da Muslim, Nana A'isha (RA) ta kasance tana sa a dafa ta ga mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, ta kuma ruwaito cewa tana sanyaya zuciya tana rage baƙin ciki. Kunu ne na garin sha'ir. A dama cokali 2 a kofin ruwa ko madara, a dafa a wuta kaɗan, a sa zuma in ya huce. Mai ciwon suga ya yi hattara da zumar. Abinci ce mai albarka da ke taimakawa, ba ta maye gurbin maganin likita.
🔹 Sallah a kan lokaci, azkar na safe da maraice, da addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da Anas (RA) ya ruwaito, tana nan cikin Hisnul Muslim. Ranar da jiki ya ƙi, a yi abin da aka iya, Allah Ya san halin bawansa.
🔹 A samu mutum ɗaya amintacce da za a riƙa faɗa wa abin da ke cikin rai.
🔹 Kada a yanke babban hukunci kamar saki, barin aiki ko sayar da gida ana cikin ciwon.

Ruƙya da ayoyin Alƙur'ani babu laifi, a haɗa da asibiti. Amma duka, ɗauri da mari, hana abinci ko turnuƙe mutum da hayaƙi, wannan zalunci ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2023 ta kare haƙƙin masu irin wannan lalura.

*GA MAIGIDA DA 'YAN UWA*

Daina cewa “mi kika rasa a gidan nan?” ko “ka cika raki”. Mai ciwon ya riga ya fi kowa zargin kansa. Ka zauna kusa da shi, ka saurara, ka raka shi asibiti, ka tuna masa magani. A rage wa mai jego aiki, a karɓar mata yaro ta samu barci.

⚠️ In mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabar da kayansa yana neman gafara ba dalili, kada a ɗauka wasa ne, kada kuma a tsaya yi masa wa'azin wuta. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. A kawar da fiya-fiya, maganin ɓera, maganin feshin gona, igiya da ƙwayoyi. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne. Haka in ya daina ci da sha gaba ɗaya, ko mai jego ta fara sambatu ko maganar cutar da jaririnta.

Mafi yawan waɗanda suka samu kulawa suna warkewa, su koma kasuwarsu da gidajensu kamar da. Allah Ya yaye wa duk mai fama, Ya ba mu lafiya mai amfani. Amin.

A tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda ke buƙatar wannan saƙo bai iya faɗa ba.