Kafin Ka Dangwala Yatsa a Takardar Masu Farar Riga

Akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki, wadda bai kamata a ce har yanzu ana samun Bakano da ita ba. Da zarar an kafa rumfa a filin makarantar firamare, aka ce ga likitoci sun zo duba mutane kyauta, sai unguwa ta ɗauka. Mata da goyo, tsofaffi da sanda, yara ba iyayensu. A miƙo wa mutum takarda shafi uku da Turanci, a nuna masa inda zai dangwala, ya dangwala. A ce kawo hannu, ya miƙa, a ɗebi jininsa a 'yar kwalba, a ba shi farasitamol da sabulu, ya tafi yana sa albarka.

Kwanan baya na tarar da irin wannan layi a unguwarmu, na tambayi wani dattijo da ya fito yana danne da auduga a hannu: "Baba, me aka rubuta a takardar da ka dangwala wa?" Ya ce, "Ɗan nan, ai likitoci ne, su suka san aikinsu." Na ce jinin fa, ina za a kai shi? Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ban ce masu rumfar macuta ba ne, mai yiwuwa alheri ne ya kawo su. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, ko da macuta ne haka za a yi musu layi. Dattijon nan da takardar fili aka kawo masa, wallahi sai ya kira ɗansa ɗan boko da mai unguwa da shaidu kafin yatsansa ya taɓa tawada. Amma jininsa ya bayar ba ko tambaya.

Kuma garin nan ya ga abin da ya isa ya koya masa tambaya. A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, ta kashe sama da mutum dubu 11. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya turo ma'aikatansa Asibitin Zana da ke Kano, suka gwada sabon maganinsu mai suna Trovan a kan yara. Yara kusan 200 aka ɗauka, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani, don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya faɗa musu gwaji ake yi, kuma ba a sanar da su cewa a cikin asibitin nan likitocin Médecins Sans Frontières suna ba da maganin da aka saba da shi kyauta ba. Uban da ya ɗauko ɗansa wuya ya sanƙare, ya ga farar riga, ina ya ga natsuwar bambance wannan da wancan?

Sai a ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta fasa ƙwan. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin gwajin ma bayan an gama shi aka rubuta ta, aka mai da kwanan watan baya. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kuma sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, bayan an yi gwajin ƙwayar halitta don tabbatar da cewa 'ya'yansu na cikin waɗanda aka gwada. Shekara 15 ke nan ana jira.

Wani zai ce to ai gara a guje su baki ɗaya. Wannan ma mun gwada mun ga ƙarshensa. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa, labarin Trovan kuma ya ƙara wa jita-jitar ƙarfi. Kano ba ta dawo ba sai tsakiyar 2004. Cutar ta shanye ƙafafun yaranmu, ta tsallaka har Sudan da Yaman da Indonesiya. Duk maganin da ke kantin kemis a yau, sai da aka gwada shi a jikin wasu bayin Allah kafin ya iso gare mu, don haka bincike ba abin ƙyama ba ne. Mai dangwalawa ido rufe da mai korar 'yan rigakafi da tsintsiya ciwonsu ɗaya, ba wanda ya tsaya ya yi tambaya a cikinsu.

Tambayar farko kuwa gajeriya ce: magani kuke yi mana, ko bincike? Mai magani lafiyarka kaɗai ya sa a gaba. Mai bincike amsa yake nema, wadda za ta iya amfanar wasu nan gaba ko da kai ba ka amfana ba. Idan bincike ne, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta a yi maka bayanin manufarsa da abin da ka iya biyo baya, mai daɗi da marar daɗi, sannan ka amince a rubuce. Ana kuma buƙatar izinin kwamitin kula da ƙa'idojin bincike, irin waɗanda ke asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika. Ka ce a nuna maka. Wanda ya zo da gaskiya ba zai ji haushi ba, wanda ya haɗe rai kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Takardar da ake dangwalawa dai ita ce ta fi damuna. In ba ka iya karanta ta ba, a karanta maka da Hausa, kuma mai karantawar ya zama naka, ba ɗan cikin tawagarsu ba. Ka ji me za a yi da jinin, ko za a kawo maka sakamako, da wanda za ka nema idan jiki ya rikice bayan sun naɗe rumfa. Ka karɓi kwafinka mai ɗauke da suna da lambar waya, ka adana inda kake adana takardar gida. Kana da ikon cewa a'a, kana da ikon janyewa ko an yi nisa, kuma ba a hana ka maganin da kake da haƙƙinsa don ka ƙi. Sabulu da kuɗin mota ba bashi ba ne, kada kara ta sa ka biya su da jikinka.

Maigida, sa hannunka ba ya maye gurbin yardar matarka, jikinta ne za a soka wa allura. Iyaye mata, ku daina haɗa yara da 'yar maƙwabta mai shekara 12 kuna cewa a je a karɓo na kyauta. Masu unguwanni da limamai, kafin ku sa a yi shela ku fara ganin takardar izini daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Malaman tsangaya kuma su sani, amanar karatu aka ba su. Idan aka zo neman jinin almajirai don bincike, a nemi iyayensu ko da a waya ne, in ba a same su ba a bar yaran a kan allunansu.