Alkaki da Basilofita: Abin da Ƙamus Ba Zai Adana Mana Ba

A bikin 'yar ƙanena da aka yi a Roni, na tsaya ina kallon kayan gara kafin a ɗora su a mota: buhunan shinkafa, jarkokin mai, nakiya, dubulan da fanteka uku na alkaki. Da na yaba kyawun alkakin, sai matar ƙanen nawa ta ce, "Yaya, ai daga Kano aka sayo." Na tambaya ko akwai mai iya yin sa a gidan, aka yi tsit. Gwaggonmu, wadda a da ake aiko mata da alkama daga Gwiwa da Kazaure domin ta yi wa amare, ta rasu, kuma babu wanda ya zauna kusa da ita ya koya.

Wannan ya tuna mini da wata shiga sabuwar shekara da na yi a gidan wata abokiyar karatuna Bagirkiya. Girkawa suna da wani kek da suke kira basilofita, wato gurasar Basil, malamin Kirista na birnin Kaisariya, Kayseri ta ƙasar Turkiyya a yau, wanda suke tunawa da shi ranar 1 ga Janairu. Ana haɗa fulawa, ƙwai, man shanu, sukari da ɓawon lemon zaƙi, a ɓoye kwabo guda a ciki. Mai gida ne ke yankawa, kuma rabon yana da tsari: a fitar da kason da addininsu ya tanada, da na gida, da na matalauci, sannan a bi iyali daga babba zuwa ƙarami. Wanda kwabon ya faɗo a kasonsa, shi ne mai sa'ar shekara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yarinya 'yar shekara tara da na gani tana kwaɓi tare da kakarta.

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, na san alkaki ma baƙo ne da ya zama ɗan gari. Sunansa daga Larabci yake, al-ka'ak, kamar yadda alkama ta fito daga al-ƙamh. Har gobe Misrawa suna toya nasu kahk ɗin a Ƙaramar Sallah. Amma iyayenmu mata ba su karɓe shi yadda ya zo ba, sai da suka sa masa hannunsu. A wanke alkama, a shanya, a ɓarza ta, a murje da mai, a kwaɓa da nono ko yis, a rufe ya kwana har ya yi tsami. Sai a kashe tsamin da ruwan kanwa, a murza, a naɗe, a soya a wuta marar ƙarfi, a tsoma cikin zuma ko sukarin da aka dafa da tsamiya har ya yi danƙo. Don haka yake daɗewa bai lalace ba, amarya ta yi ta fita kunyar dangin miji da shi.

To, mai karatu, dubi kalmomin da ke cikin wannan bayani: ɓarza, murje, kwaɓa, murza, naɗe, danƙo. Kowace tana da ma'anar da sai hannu ya taɓa ake gane ta. Na taɓa tambayar ɗalibaina bambancin ɓarza da niƙa, kaɗan ne suka amsa daidai. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun yi mana babban aiki wajen adana kalmomi, amma ƙamus ba ya gaya wa mutum lokacin da kwaɓi ya tashi, ko yawan kanwar da za ta kashe tsami ba tare da ta ɓata ɗanɗano ba.

Ba laifin masu saye nake gani ba. Matan da ke sana'ar alkaki da ita suke riƙe 'ya'yansu, kuma ma'aikaciyar da ke fita tun safe ba ta da kwana biyun da aikin ke ci. Tsadar alkama da sukari da mai ma ba ɓoyayya ba ce. Damuwata ita ce mu 'yan boko mun fi kowa kukan al'ada na ɓacewa, alhali gidajenmu ne suka fara sallamar ta. Muna sayen kek na zagayowar ranar haihuwa ba tare da ciniki ba, amma ba mu taɓa zaunar da 'ya'yanmu gaban tsohuwa ba.

Da sauran masu iyawa a Babura da Roni da ƙauyukan Kazaure, sai dai shekarunsu sun ja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni dai na sayi alkama kwano biyu, na kuma roƙi wata ƙawar Gwaggo ta karɓi 'ya'yana kwana uku kafin Sallah mai zuwa. Zan zauna a gefe da littafi da na'urar ɗaukar murya. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu riƙe abin da suka bari.