Akwati Ɗaya Ko Kaya Daban-Daban?

Yau a falo za mu zauna, gaban talabijin, mu yi maganar sauti.

Bari in fara da wani mutum da labarinsa yake burge ni. Sunansa Alan Blumlein, injiniya a kamfanin EMI na Ingila. A 1931 ya shiga sinima tare da wadda ta zama matarsa daga baya. Ɗan wasa yana wannan gefe na allo, muryarsa tana fitowa daga wancan gefe. Kowa ya saba da haka, shi kuwa abin ya tsaya masa a rai. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, ya shigar da takardar mallakar fasahar da muke kira sitiriyo: lasifika biyu, hagu da dama, murya tana bin mai ita duk inda ya taka. Ku riƙe wannan, lasifika biyu kacal. Bawan Allah bai ga cin gajiyar aikinsa ba, domin ya mutu a 1942 yana da shekara 38, a hatsarin jirgin sama wajen gwajin na'urar rada.

Abin da ya biyo baya zan taƙaita. Kamfanin Dolby ya shigo da sauti mai kewaye cikin gidaje a 1982, aka zo kan tsarin 5.1, wato lasifika biyar da guda na ƙugi, sannan Atmos a 2012.

To, ga mai ɗan kuɗi a hannu, me zai saya? Akwai risiba, irin ta Yamaha ko Denon ko Sony. Akwati ɗaya ne, a cikinsa akwai rediyo, da ramukan HDMI, da mai rarraba sauti, da amfilifaya biyar ko bakwai. Rimot ɗaya, waya kaɗan, kuma da yawansu suna zuwa da ƙaramin makirufo da zai auna ɗakinka ya daidaita sautin da kansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗaya hanyar ita ce a raba aikin: amfilifaya daban, mai sarrafa sauti daban, kowa da wutarsa.

Inda gizo yake saƙar shi ne lambar da ke jikin kwali. Amfilifayan nan bakwai taransifoma ɗaya suke sha. Wat ɗin da aka rubuta, sau da yawa da lasifika ɗaya ko biyu aka auna shi. In duka suka tashi lokaci guda, ƙarfin sai ya ragu. Idan kuma kuka ga PMPO da dubban wat, kada ku biya ko kwabo saboda wannan lamba. Tun 1974 hukumar ciniki ta Amurka ta kafa ƙa'idar auna ƙarfin amfilifaya, saboda irin wannan zuzutawa. Kuma ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma.

Ni kaina na taɓa ɗaukar risibata zuwa wajen mai gyara. Ya kwance murfin, ya hure ƙurar hunturu da ta kwanta a ciki, ya ɗora mita, ya ce, "Malam, ɓangaren sautin lafiyarsa ƙalau, allon HDMI ne ya ƙone, kuma ba a samun sa." Abu ɗaya ya mutu, ya tafi da sauran. Ranar na fahimci cewa ɓangaren hoto ne yake tsufar da risiba, domin kowace 'yan shekaru sai an sauya tsari. Amfilifaya zalla kuwa ba ruwanta. NAD 3020 ta fito a 1978 da wat 20 kacal a kowane gefe, har gobe ana neman ta a gwanjo.

Ra'ayina a nan a fili yake. In fim da ƙwallo ne abincinka, kuma falon yana da wurin ajiye lasifika a bayan kujera, sayi risiba, amma ka leƙa bayanta ko akwai ramin da za a jona wata amfilifaya nan gaba. In waƙa ce ko karatu, koma wajen Blumlein: amfilifaya ɗaya, lasifika biyu masu kyau, kuma mafi yawan kuɗin ya tafi kan lasifikan.

Abu ɗaya cikin sauri ga masu shiga Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas neman na hannu: ku juya bayan akwatin ku karanta. Kayan Amurka bolt 120 suke ci, wutarmu 230 ce. Na Amurka sai da taransifoma mai rage wuta. Ku kuma haɗa da sitabilaiza, kuma kada a rufe saman akwatin da kyalle.