Hoton Waya a Kan Faifan Jelatin: Riba da Hasara

Hoton da aka ɗauka da waya ana iya kwafarsa sau dubu bai canza ba, shi ya sa bai cika daraja a idon mai sayen zane ba. Wannan na cikin abin da ya ja masu zane a Amurka da Turai zuwa haɗa shi da bugun faifan jelatin, wanda kowane bugu nasa tilo ne, ba ya maimaituwa.

Tun ƙarni na 19 ake kwafar takardu da jelatin, sai dai faifan da aka dafa a gida ba ya jure zafi, ga saurin fumfuna. A 2011 kamfanin Gelli Arts na Filadelfiya ya fito da faifan roba mai taushi wanda ba ya narkewa. Daga nan harka ta buɗe: ba a bukatar injin matsi mai tsada, teburin ɗaki ya wadatar. YouTube da Instagram suka ƙarasa tallar.

Sirrin aikin yana cikin tawadar firinta mai leza. Mai zane zai shimfiɗa fenti mai duhu siriri a faifan, ya kifa hoton da aka buga da firintar a kai, ya ɗan shafa, ya ɗaga nan take. Farar takarda ta tsotse fentin, inda tawada take kuwa sai fentin ya zauna daram. In ya bushe, a shafa fenti mai haske a kai, a manna sabuwar takarda, a ɓamɓaro hoton da zane-zanensa da ɓurɓushinsa. Firintar da ke fesa tawadar ruwa galibi ba ta yin wannan aiki.

Amma sauƙin ya zo da farashinsa. Shi faifan, baƙi da fari ƙarara yake so, inuwar da ke tsakani ɓacewa take yi, don haka ayyukan mutane daban-daban suke ta kama da juna. Sannan wasu masu zane hotunan mujallu suke yagowa su buga su sayar. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta ba mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith gaskiya a kan gidauniyar mai zane Andy Warhol game da hotonta na mawaƙi Prince da Warhol ya yi amfani da shi a zanensa. In sunan Warhol bai tsare aikinsa ba, ƙaramin mai zane ya kiyayi hoton wani. Wanda zai shiga wannan fage, ya ɗauki hotonsa da kansa.