Baƙon da Ya Zo da Ƙofarsa

Wanda ya ratsa kwarin Tarka a lokacin rani, ya nufi Madawa ko Urno, zai ga garakan albasa kore shar. Koren nan yana fitowa ne daga wasu mitsitsin ɗakuna a cikin ƙwayoyin halittar ganye, masana na kiransu kuloroflas. A nan ne shuka ke haɗa hasken rana da ruwa da iska ta yi abinci. Haka abin yake a ganyen dogon yaron da aka jera a kwarin Magiya na Buza don tare iska.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma kuloroflas baƙo ne da ya zo ya zauna. A 1905 masanin Rasha Konstantin Mereschkowsky ya ce kuloroflas asalinsa bakteriya ne mai cin gashin kansa. Aka yi watsi da zancen, sai Lynn Margulis ta farfaɗo da shi a 1967. Yau an tabbatar cewa wata ƙwayar halitta ce ta haɗiye shi fiye da shekara biliyan 1 da ta wuce.

Da zama ya yi zama, baƙon ya miƙa wa mai gida yawancin bayanan gadonsa, ya riƙe kimanin 100 kacal. Furotin ɗin da yake aiki da su kuwa sun haura iri 2,000. Mafi yawansu a waje ake ƙera su, kowanne da 'yar wutsiya mai kama da takardar shiga, su ratsa fata biyu ta ƙofofin TOC da TIC. Suna isa ciki sai a datse wutsiyar.

Abin da ya fi burge ni shi ne asalin ƙofar wajen, Toc75. Ɗan dangin Omp85 ne, furotin ɗin da bakteriya ke amfani da shi har gobe wajen gina fatarsa ta waje. Ashe baƙon ne ya zo da ƙofarsa. Mai gida ya sauya mata aiki, ta koma karɓar kaya daga wurinsa, ya kuma dasa mata masu gadi nasa, Toc34 da Toc159, masu duba takardar shiga.

Masana sun gwada lalata Toc159 a wata ƙaramar shuka mai suna Arabidopsis. Tsiron ya fito fari fat, bai iya ciyar da kansa ba.