Zane Ɗaya Kowace Rana: Abin Koyi Daga Aikin Beeple

Ran 11 ga watan Maris, 2021, kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wani zanen kwamfuta a kan kuɗi fiye da dala miliyan 69. Mai zanen wani Ba'amurke ne, Mista Mike Winkelmann, wanda aka fi sani da laƙabin Beeple. Abin da aka sayar kuwa tarin zane 5,000 ne da aka harhaɗa wuri guda, waɗanda ya yi ɗaya bayan ɗaya, kowace rana, har tsawon shekara 13 da wata 8. Jama'a da dama yawan kuɗin ne ya ɗauke musu hankali, amma ga ɗalibi ko ma'aikaci mai son koyon wata fasaha, darasin yana cikin waɗannan kwanaki ne.

An haifi Mista Winkelmann a 1981, kuma ilmin kwamfuta ya karanta a Jami'ar Purdue, wato bai yi makarantar zane ba. Ran 1 ga watan Mayu, 2007, ya soma wannan aiki bayan ya ga yadda wani Baturen Ingila, Tom Judd, ya shekara yana yin zane kullum. Zanensa na farko hoton wani kawunsa ne, kuma duk wanda ya gan shi ya san hannun ɗan koyo ne. Da takarda ya fara, daga baya ya koma kan kwamfuta, ya shiga koyon Cinema 4D, wato manhajar da ake ƙera siffofi masu tsawo da faɗi da kauri da ita.

Darasi na farko shi ne ƙayyade lokaci. Mai zane a takarda, in ya yi ta gogewa takardar za ta huje, tilas ya haƙura. A kwamfuta kuwa ana iya soke layi sau ɗari ba tare da asarar komai ba, saboda haka mai koyo yakan yi mako yana gyaran abu guda bai gama ba. Dokar da Beeple ya ɗora wa kansa ita ce lalle ya kammala zanen ya fitar da shi kafin ranar ta ƙare. Bai karya ta ba ko a ranar aurensa, ko a ranakun da aka haifi 'ya'yansa.

Na biyu, kada kunya ta hana mutum nuna aikinsa. Wanda ya ce sai ya ƙware zai bari a gani, to ba zai sami mai yi masa gyara ba. Bugu da ƙari, ajiye zanen kowace rana tare da kwanan wata shi ne ma'aunin ci gaba, domin bambancin jiya da yau ba ya ganuwa, amma na bara da bana a fili yake.

Na uku, na'ura ba ta koyar da ido. Shahararren mai zanen nan na Ingila, David Hockney, yana da shekara 82 ya yi zane 116 a kan iPad a Normandi ta ƙasar Faransa cikin 2020, yana bin yadda itatuwa ke toho. Abin da ya kai kan allon shi ne shekara da shekaru na lura da haske da launi.

Sai dai akwai gargaɗi. An sayar da aikin Beeple ne ta hanyar shaidar mallaka ta intanet da ake kira NFT, kuma kasuwar wannan shaida ta faɗi warwas a 2022, mutane da yawa suka tafka asara. Don haka wanda ya soma zane da kwaɗayin miliyoyi, da wuya ya kai wata guda bai gaji ba.

Shawararmu ga ɗalibai da ma'aikata ita ce su ware rabin sa'a kowace rana, bayan aji ko bayan an tashi daga ofis, su zana abin da ke gabansu ko da a wayar hannu ne, su rubuta kwanan wata su ajiye. Magabata sun ce yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.