Cike saiwar haƙori: yaƙi da ƙwayoyin cuta

Haƙori ba dutse ba ne, yana da rai. A tsakiyarsa akwai rami siriri wanda ya sauka har ƙarshen saiwa. Cikin ramin nan jijiya take, tare da hanyoyin jini. In tsutsar haƙori ta ci har ta kai can, sai ƙwayoyin cuta su shiga, jijiya ta ruɓe, kunci ya kumbura, mutum ya kwana zaune.

A da cirewa ake yi. Yanzu lokotoron haƙori yana iya tsirar da shi. Yakan huda haƙorin, ya kwashe ruɓaɓɓiyar jijiya, ya wanke ramin, sannan ya cike shi. Da ruwan jabel da aka auna yake wankewa. Wannan aikin lokotoro ne kaɗai. Wanda ya sa jabel a baki a gida ya ƙone kansa.

Ƙwayoyin cuta su ne tushen ɓarnar. A 1965, a Amurka, Kakehashi da abokan aikinsa sun huda haƙoran ɓeraye iri biyu. Waɗanda aka rena ba ƙwayar cuta a jikinsu, haƙoransu sun warke. Sauran kuwa jijiyarsu ta ruɓe, ta yi mugunya.

Da me ake cike ramin? Da gutaferka, wani ƙaron itace na ƙasar Maleziya. Tun 1867 ake aiki da shi. Yana toshe rami, amma ba ya kashe ƙwayar cuta sosai. Ana haɗa shi da wani ƙulli mai liƙe shi da bangon ramin. Tsohon ƙullin da man kanumfari ake dama shi. Ashe tsofaffin da ke sa kanumfari a haƙori mai ciwo ba su yi wauta ba. Sai dai kanumfari yana kwantar da zogi ne, ba ya warkar da ruɓa.

Ga inda wahalar take. Bangon ramin cike yake da ƙananan kafofi dubbai, waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin cuta suna maƙewa ciki, inda wanki ba ya kaiwa. Akwai wata mai taurin rai, sunanta Enterococcus faecalis. Tana jure yunwa wata da watanni. Sau da yawa ita ake tararwa cikin haƙorin da aka cike, ciwo kuma ya dawo. A 1920 wani Bajamushe, Hermann, ya kawo magani dangin farar ƙasar shafen bango. Kaifinsa yana kashe ƙwayoyi da yawa, amma wannan takan tsira.

Shi ya sa masana suke neman abin cikewa wanda zai toshe, ya kuma kashe. Wajen 1993 Mahmoud Torabinejad, a Amurka, ya fito da MTA, ɗan uwan simintin gini da aka tace. Yana daskarewa ko cikin danshi, jiki kuma yana karɓarsa. Wasu suna gwada zuba kulorheksidin, maganin kurkurar baki, cikin ƙullin. Wasu garin azurfa mai laushi ƙwarai. Wasu kuma wani sinadari daga ɓawon ƙaguwa.

Aikin ba sauƙi. Yawancin ƙullin suna da ƙarfi ne tun suna ɗanye, in sun bushe ƙarfin ya ragu. In aka yawaita maganin, sai ya ci naman da ke kewaye da saiwa, ko ƙullin ya ƙi liƙewa. Azurfa kuma takan baƙanta haƙori. Ban da haka, abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji ba lallai ya yi a bakin mutum ba.

Har yanzu wanki mai kyau da toshi mai kyau su ne kan gaba. Sau da yawa lokotoro yakan sa magani, ya rufe da toshin wucin gadi, ya ba da rana. Mutum ya ji zogi ya lafa, sai ya ƙi komawa. Toshin nan ba ya daɗewa. In ya faɗi, yawu ya shiga ramin, ƙwayoyin cuta su dawo, a sake aikin daga farko ko a cire haƙorin.